Damina ko Rani, Sanyi ko Zafi: Yaushe Ya Kamata a Sayi Gida?

Duk wanda ya daɗe a harkar gidaje ya san kasuwar ba ta ci bai ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Akwai watannin da dillali ba ya samun zama, gida ya fito yau, jibi an sallama. Akwai kuma watannin da allon sayarwa zai yi ta shan rana a ƙofar gida, babu ko mai tayi. Mai niyyar saye sai ya rasa inda zai sa gaba: ya shiga lokacin da kasuwa ke ci, ko ya jira ta lafa?

Amsar tana ga abin da ya fi damunka cikin abubuwa uku, wato sauƙin farashi, yawan zaɓi, da sanin gaskiyar gidan. Matsalar ita ce ukun nan ba sa faɗowa a wata ɗaya. Lokacin da gidaje suka fi yawa a kasuwa shi ne lokacin da suka fi tsada. Lokacin da masu sayarwa suka fi sassauci, zaɓi ya ragu. Lokacin da gida ke tona asirin kansa kuwa, galibi shi ne lokacin da babu mai son fita duba gida.

A ƙasashen arewacin duniya masu tsananin sanyi, irin su Amurka, Kanada da Birtaniya, kasuwar takan farka ne wajen Maris, idan sanyi ya ja baya yini ya fara tsawo. Daga nan sai ta yi ta hauhawa har Yuni da Yuli, sannan ta fara sauka. A Amurka, Janairu da Fabrairu su ne watannin da aka fi ƙarancin kammala ciniki. A Ostireliya abin juyewa yake yi, domin sanyinsu a tsakiyar shekara yake: hada-hadarsu daga Satumba ce zuwa Nuwamba, Janairu kuwa kowa ya tafi hutu. A Japan, inda shekarar makaranta da ta kamfanoni ke farawa a Afrilu, ƙaura takan taru ne a watan Maris. Wannan na Japan ya nuna ba yanayi kaɗai ke juya kasuwar ba. Iyaye ba sa son cire yaro daga aji a tsakiyar zango, ma'aikata kuma ana yi musu canjin wurin aiki a lokuta sanannu. Yanayi da jadawalin makaranta tare suke tafiya, kuma sau da yawa na makarantar ya fi ƙarfi.

Wasu masana tattalin arziki biyu na London School of Economics, Rachel Ngai da Silvana Tenreyro, sun wallafa bincike a 2014 kan alƙaluman Birtaniya da Amurka. Sun ga kowace shekara, daga Afrilu zuwa Satumba, farashi da yawan ciniki sukan haura yadda aka saba, daga Oktoba zuwa Maris kuma su sauko. Bayanin da suka bayar shi ne abin da ya fi amfani ga mai saye. Idan gidaje sun yi yawa a kasuwa, mutum ya fi samun wanda ya dace da shi sosai, wanda ya samu abin da ransa ke so kuwa ba ya jin nauyin ƙara kuɗi. Masu gidaje sun san haka, sai su ma su jira wannan lokacin kafin su fito da nasu. Ɗan dalili ƙarami, kamar hutun makaranta, sai ya jawo cunkoso mai girma. Sannan sun nuna yawan cinikin ne ke hawa da sauka ƙwarai, farashi kuwa motsinsa bai kai haka ba. Wato bambancin zaɓi tsakanin lokutan biyu ya fi bambancin kuɗi nesa ba kusa ba.

To, wa lokacin hada-hada ya dace da shi? Wanda abin da yake nema ba a samunsa ko'ina. Kana son gida marar bene saboda tsohuwa da ba ta iya hawa matakala, ko dole sai unguwa kaza saboda makarantar yara, ko ɗakuna biyar da fili a tsakiyar gari. Irin wannan gida wataƙila sau ɗaya ko biyu zai fito a shekara, kuma a lokacin cunkoso zai fito. Idan ka ce sai kasuwa ta yi sanyi, za ka samu rangwame a kan gidan da ba ka so. A ganina ƙarin da za ka biya a nan halal ne, domin gida ba riga ba ce da za ka canza baɗi.

Amma tsadar lokacin ba a farashi ta tsaya ba. Gaggawa ce babbar asarar. Dillali zai ce maka akwai mutum uku a bayanka, wani lokacin ma gaskiya yake faɗa. Sai ka ga gida da safe, da yamma ana neman kafin alƙalami. A shekarar 2021, lokacin da kasuwar Amurka ta yi zafi, masu saye da yawa sun yafe sharaɗin duba gida don kawai tayinsu ya shiga, wanda cinikin biri a sama ne ƙarara. Masu duba gini, lauyoyi da masu kwasar kaya duk aiki ya yi musu yawa, sai ka bi layi, kuma kuɗin kwasar kaya yakan tashi. Ga shi mai gida ya shirya maka: sabon fenti, ciyawa an yanke, tagogi a buɗe iska na kaɗawa. Gidan yana cikin kwalliyarsa mafi kyau a shekara.

Lokacin da kasuwa ta lafa, lissafin daban ne. Wanda ya bar gidansa a kasuwa cikin sanyin Disamba, ko tsakiyar damina, yawanci akwai abin da ya matsa masa. An yi masa canjin aiki, ko bashi ya taso, ko ya riga ya sayi wani gidan yana ɗauke da nauyin biyu, ko magada ne suke son a raba kowa ya kama gabansa. Irin wannan mai sayarwa yana sauraron tayi. Ko bai rage farashi sosai ba, zai yarda ya gyara rufi kafin ka karɓi makulli, ko ya bar maka wasu kayan gidan, ko ya jira ka har bankinka ya gama takardu. Kai ma kana da sarari. Za ka koma gidan sau biyu sau uku, da rana da dare, ka kawo wanda ya san gini, ba wanda ke hura maka wuta.

Kamfanonin da ke gina rukunin gidaje suna da nasu lokacin. Idan ƙarshen shekarar kasuwancinsu ya matso, suna son alƙaluman ciniki su yi kyau, sai su saki hannu. Sai dai ba kasafai suke rage farashin da ke rubuce ba, domin yin haka zai karya darajar sauran gidajen da ba su sayar ba. Abin da suka fi yarda da shi shi ne ƙari: kayan kicin, tayil mai kyau, ɗaukar wani ɓangare na kuɗin takardu. Ta nan ake neman su.

Aibin wannan lokaci a fili yake. Zaɓi kaɗan ne, kuma da yawa daga cikinsu ragowar lokacin hada-hada ne. Gidan da ya wuce watannin cunkoso ba a saye shi ba yana da dalili, kuma dalilin iri biyu ne. Ko mai shi ya tsawwala kuɗi tun farko, yanzu ya dawo hayyacinsa, ko kuma waɗanda suka riga ka sun ga abin da ya kore su. Na farko shi ne garaɓasa. Na biyu tarko ne. Tambayoyin da ke raba su ba su da wuya: yaushe aka fara sa shi a kasuwa, an taɓa rage farashin, an taɓa yin ciniki ya warware, me ya warware shi. Dillalin da ya fara kame-kame a tambayar ƙarshe ya riga ya ba ka amsa.

Akwai wani ruɗi a alƙaluman da jaridu ke bugawa. Za ka ga an ce matsakaicin farashin gida a Janairu ya yi ƙasa da na Yuni da kaza, sai ka ɗauka gida guda ne ya sauka haka. Ba lallai ba. A watannin hutun makaranta manyan gidajen iyali ne suka fi fita, a watannin sanyi kuma ƙanana. Wani ɓangare na bambancin daga irin gidajen da aka sayar yake. Ragin da yanayi ke kawowa kan gida guda gaskiya ne, amma bai kai yadda matsakaicin ke nunawa ba. Sannan alƙaluman ranar kammala ciniki suke ƙirgawa, ba ranar da aka daidaita ba. A Amurka tsakanin biyun yakan kai wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, a Ingila kuwa wata uku ko fiye ba abin mamaki ba ne. Saboda haka arhar da aka gani a Janairu, a Nuwamba da Disamba aka yi cinikinta. Wanda ya jira Janairu ya fara nema, kafin ya samu kasuwa ta soma farkawa.

Duk wannan maganar kuɗi ce. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne na uku, wato abin da kowane yanayi ke nunawa da abin da yake ɓoyewa a jikin gidan, domin kuskure a nan ya fi duk wani rangwame tsada.

A ƙasashen da shekara ta kasu damina da rani, damina ba ta rufa wa gida asiri. Ka je bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi da kamar rabin sa'a, ka tsaya a ƙofar gida tukuna kafin ka shiga. Ina ruwan tsakar gida yake bi? Ya fita ta magudana, ko ya kwanta a gindin bango? Kwatar layin tana gudu ko ta cika ta dawo? Dubi katangun maƙwabta. Idan akwai layin laka a tsayi ɗaya a jikinsu duka, har nan ruwa yake kaiwa. Idan ka ga kowane gida a layin ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, ba ado suka yi ba. Ka shiga ciki ka ɗaga kai: tabo mai zobe-zobe, mai launin ruwan ƙasa, a silin yoyo ne, ko da ya bushe. Ka duƙa ka shafa ƙasan bango. Fentin da ya kumbura yana ɓarewa, ko farin gari mai kama da gishiri a jikin siminti, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma sabon fenti ba ya maganinsa. Ka buɗe kabad ɗin da ke jingine da bangon waje ka sansana, warin fumfuna ba ya ɓuya. Ka ja ruwan banɗaki ka ga ko yana wucewa da sauri, domin inda ruwan ƙasa ya taso, ramin masai yakan cika a damina ya ƙi karɓa. Hanyar zuwa gidan ma a lokacin ake sanin ta.

Rani yana shafe duk wannan. Fili a cikin kwari yakan yi kyau, busasshe, shimfiɗaɗɗe, hanyar ruwa ta koma kamar hanyar mota. Amma rani ma yana da abin da shi kaɗai ke nunawa. Ƙarshensa ne lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa, don haka rijiya ko burtsatsen da ke ba da ruwa a lokacin abin dogaro ne, wanda aka gwada a damina kuwa bai faɗa maka komai ba. Zafin ɗaki ma sai a rani. Ka shiga ɗakin da ke kallon yamma wajen ƙarfe uku ko huɗu, ka hau ɗakin sama da ke ƙarƙashin kwano, ka zauna minti goma ba fanka. Sai kuma tsagewar bango. Ƙasa mai yumɓu takan kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke idan ta bushe, tana jan tushen gini. Tsagar da ta buɗe a rani tana iya haɗewa a damina har ka kasa ganinta. Ba a ƙasashe masu zafi kaɗai ba: a Ingila, bayan zafi da farin 2018 da na 2022, kamfanonin inshora sun sha ƙorafin gidajen da ƙasa ta janye a ƙarƙashinsu. Tsaga siririya a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, ga ƙofa ko taga ta fara cijewa, wannan sai injiniya.

Idan aka ce in zaɓi ɗaya, damina zan ɗauka. Zafi yana da magani: silin mai hana zafi, rumfa, bishiya, taga a inda ya dace. Yoyon rufi ma ana gyarawa. Amma gidan da aka gina a hanyar ruwa babu kuɗin da zai matsar da shi, kuma ranar da ka tashi sayarwa mai saye zai ga abin da kai ba ka gani ba.

A ƙasashen ƙanƙara, sanyi ne ke yin aikin da damina ke yi. A lokacin ne za ka ji iska na shigowa ta gefen taga, ka ga ko na'urar ɗumama gida tana kaiwa kowane ɗaki. Rufin da ƙanƙararsa ta narke tun na maƙwabta na nan fari fat, ɗumi ne ke tsiyayewa ta samansa, kuma kai za ka riƙa biya. Rana tana yin ƙasa a Disamba, don haka ɗakin da ke da haske a lokacin galibi zai yi haske duk shekara. Itatuwa sun zubar da ganye, sai ka ga tagar maƙwabci da ke kallon tsakar gidanka, ka ji ƙarar babban titin da ganyen ke ragewa. Abin da sanyin ke ɓoyewa shi ne rufin kansa da farfajiya idan ƙanƙara ta lulluɓe su, da kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda masu duba gida ba sa kunnawa idan awon zafi a waje ya yi ƙasa da wajen digiri 15, gudun kada ta lalace. Takardun kuɗin wuta da gas na wata goma sha biyu suna cike wani ɓangare na wannan giɓin, ka nemi a nuna maka.

Sai dai akwai abubuwan da idan sun motsa, lissafin yanayi gaba ɗaya yakan zama ƙaramin abu. Babbansu kuɗin ruwa ne ga mai saye da bashin banki. A Amurka, ruwan bashin gida na shekara 30 yana wajen kashi 3 cikin ɗari a 2021, kafin ƙarshen 2022 ya haura kashi 7. A kan kowane bashin 100,000, na kowane irin kuɗi, biyan wata ya tashi daga wajen 422 zuwa wajen 665. Babu wani rangwamen hunturu da zai cike wannan. Dokar haraji ma haka. Da gwamnati ta sassauta harajin sayen gida na ɗan lokaci a Ingila daga Yulin 2020, ciniki ya yi tururuwa a Yunin 2021 saboda babban rangwamen zai ƙare a ƙarshen watan. Annobar korona kuwa ta cinye watannin hada-hadar 2020 ɗungurungum, kasuwa ta koma ci a rabin shekara na biyu. A ƙasar da hauhawar farashi ke gudu, jira ma asara ce: idan kuɗinka na zubar da daraja kashi 20 cikin ɗari a shekara, wata shida da za ka jira don ragin kashi biyu ko uku ya ci fiye da abin da ka samu.

Halin mai sayen kansa yana sauya amsar. Mai kuɗi a hannu ƙarfinsa ya fi fitowa lokacin da kasuwa ta lafa, domin mai gidan da ya matsu ba abin da yake so kamar ciniki marar jiran banki. Ɗan haya ya ƙirga daga ranar da hayarsa za ta ƙare ya koma baya da wata uku ko huɗu, kada ya biya haya da kuɗin sabon gida tare, ko ya ƙare a sabunta hayar shekara. Wanda zai sayar da nasa ya sayi wani, abin da ya ci a hannun dama yana fita ta hagu idan a lokaci ɗaya ya yi duka biyun. A takarda, dabarar ita ce ya sayar a cunkoso ya saya idan an lafa, amma sai ya haɗa da kuɗin zaman wucin gadi da kwasar kaya sau biyu, wanda sau da yawa yakan cinye ribar.

Tsarin da ya fi ma'ana ga mafi yawan mutane shi ne a raba dubawa da saye. Ka yi yawon unguwanni a lokacin da yanayi ya fi muni, ko da gidan da za ka saya bai fito ba tukuna, ka san layin da ruwa ke kwanciya da wanda famfonsa ke ƙafewa. Lokacin hada-hada kuma ka riƙa shiga gidaje kana koyon farashi. Idan wanda ya dace ya fito, ka saya. Idan bai fito ba, ka koma kan waɗanda suka yi kwantai a makonnin da kasuwa ta fara sauka, kafin masu su su janye su zuwa baɗi.

Wani lokaci kuwa gidan yakan fito a yanayin da ke rufa masa asiri, kuma ba zai jira ka ba. Nan sai ka nemo daminar ta wata hanya. Maƙwabcin da ya daɗe a layin, wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya fi dillali sanin inda ruwa ya kai bara. Wasu ƙasashen suna da taswirar ambaliya ta hukuma, kamar ta FEMA a Amurka da ta Hukumar Muhalli a Ingila, kuma Google Earth yana da tsofaffin hotunan sama da za su nuna maka ko filin tafki ne a da. Rufi ana iya gwada shi da tiyo, mutum ɗaya a sama yana zuba ruwa, ɗaya a ciki da tocila yana duba silin. Idan mai gida ya yarda, a rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin zai zauna hannun lauya har ruwan farko ya sauka, in an ga yoyo a gyara daga ciki. Masu saye a gaɓar tekun Atlantika ta Amurka, inda lokacin guguwa ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, su kammala maganar inshora da wuri, domin kamfanoni sukan dakatar da karɓar sabbin gidaje da zarar an yi gargaɗin guguwa na tafe, banki kuma ba ya sakin kuɗi sai da inshorar.